Ranar da Na Taɓa Giwa a Wijk aan Zee

Duk wanda ya ce maka zai tafi bakin teku a ƙasar Holan a tsakiyar watan Janairu, ka dube shi da kyau: ko dai masunci ne, ko kuwa ɗan wasan ces. Ni ba masunci ba ne. Ranar Asabar, 18 ga Janairun 2025, na fito daga birnin Delft, inda nake wani karatu kan harkar ruwa, cikin riga uku da hular sanyi, na hau jirgin ƙasa zuwa Haarlem, na sake wani zuwa Beverwijk, daga nan na shiga bas zuwa wani ƙauye da ake kira Wijk aan Zee. Su masu ƙasar "Waik-an-Ze" suke faɗi, ma'anarsa kuwa ba ta wuce unguwar bakin teku ba. Mutanensa duka ba su fi 2,000 da 'yan kai ba. Amma a duniyar masu wasan ces, sunan ƙauyen nan ya fi na manyan birane da yawa nauyi.

Kafin in yi nisa, bari in share wa mai karatu hanya. Ces shi ne abin da wasunmu ke kira darar Turawa, kodayake ba Turawa suka ƙago shi ba. Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa, inda ake ce masa shaɗaranji, kafin ya shiga Turai. Darar da muka sani gida 30 gare ta, kowa da 'ya'ya 12, kuma duk 'ya'yan daraja ɗaya suke. Ces kuwa gida 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, kuma kowane da irin tafiyarsa. A jami'a a Zariya, inda na koya, mun raɗa musu sunaye: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, da dakaru takwas a gaba. Giwa a karkace take tafiya, hasumiya a miƙe, sarauniya ta haɗa duka biyun, doki kuwa tsallake yake yi. Gidajen suna da suna, harafi daga a zuwa h, lamba daga 1 zuwa 8, ta yadda za a iya rubuta wasa a ajiye, wanda ba a haifa ba ya zo ya sake buga shi.

Bas ɗin na barin Beverwijk, abin da ya fara cika mini ido ba teku ba ne. Masana'antar ƙarfe ce, ƙatuwa kamar gari guda, da dogayen bututan hayaƙi suna fitar da farin tururi zuwa cikin sararin da shi ma launin toka ne. Sai hanya ta ratsa tsakanin tuddan yashi masu ciyawa, ta sauke mu a wani fili mai faɗi da tsohuwar coci a gefensa. Iska ce ta tarbe ni, irin wadda hunturunmu na Kano ko na Jos ba zai tsaya kusa da ita ba, domin tamu busasshiya ce, wannan kuwa jiƙaƙƙiya ce, tana shiga ƙashi. A tagogin shaguna, daga mai burodi har mai sayar da kifi, an jera 'ya'yan ces. Mutane suna tafiya bibiyu da uku-uku, kai a sunkuye, duk fuska ɗaya aka nufa.

Masana'antar nan ita ce uwar gasar. A 1938 aka fara ta a Beverwijk, a matsayin ɗan wasan ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Hoogovens, kuma tun daga lokacin shekara ɗaya kaɗai aka tsallake, wato 1945, lokacin da yaƙi da yunwa suka durƙusar da ƙasar. A 1968 aka dawo da ita wannan ƙauye. Sunanta yana bin sunan mai masana'antar: Hoogovens har 1999, Corus daga 2000, sannan Tata Steel daga 2011, bayan kamfanin Tata na Indiya ya saye Corus a 2007. Ta 2025 ita ce ta 87. Max Euwe, malamin lissafi ɗan ƙasar wanda ya riƙe kambin duniya daga 1935 zuwa 1937, ya ci ta sau huɗu. Viswanathan Anand na Indiya sau biyar. Magnus Carlsen na Norwe sau takwas, kuma a nan duniya ta fara jin sunansa a 2004, yana ɗan shekara 13, da ya cinye ƙaramin rukuni.

Abin da ya sa na ƙaunaci wurin, tun kafin in gan shi, shi ne ba a ware manya a ɓoye su a wani otal ba. Zauren da ake kira De Moriaan ɗakin wasanni ne na ƙauye, ba wani ƙasaitaccen gini ba. A can ƙarshensa, bayan wani ɗan shinge, manyan gwanayen duniya ne ke zaune. Sauran filin kuwa ɗaruruwan 'yan koyo ne irina, tebur bayan tebur, likita da direban babbar mota da ɗan firamare, kowa da abokin karawarsa. Rufi ɗaya, iska ɗaya, doka ɗaya. Wanda ya saba da darar gindin bishiya, inda 'yan kallo suka fi masu wasa surutu, kowa yana nuna wa gwaninsa gida da baki da ƙafa, zai sha mamakin shirun wurin. Mutum ɗaruruwa, amma abin da kake ji tari ne, da takun takalmi, da ƙas-ƙas ɗin agogo idan an danna. Waya kuwa ba a yarda ta yi ko motsi ba. In ta yi ƙara a jikinka kana cikin wasa, ka faɗi.

Na shiga rukunin ƙarshen mako ne, inda ake haɗa mutum huɗu masu ƙarfi kusan ɗaya, kowa ya kara da kowa. Yadda ake sanin ƙarfin kuwa shi ne maki. Wani malamin kimiyya, Arpad Elo, haifaffen Hangare mazaunin Amurka, shi ya tsara lissafin, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. Idan ka ci wanda ya fi ka maki, naka ya hau da yawa. Idan wanda bai kai ka ba ya ci ka, ka zubar da yawa. Wanda ya fi ka da maki 200, lissafi yana sa ran zai kwashe kashi uku cikin huɗu na sakamakon wasanninku. Galibi ba a zama Babban Gwani sai an taɓa 2500, kuma har yau Nijeriya, da duk yawanmu, ba ta fitar da ko guda ba, alhali Zambiya ta fitar da Amon Simutowe, Masar kuma ta fitar da Bassem Amin wanda ya haye 2700. Mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Carlsen, a 2014.

Nawa makin, a jerin hukumar ces ta Holan, 1793 ne. Mai karatu zai iya yin dariya, kuma yana da gaskiya. Amma shekara da shekaru ina hangen 1800 kamar yadda ɗan kasuwa ke hangen cikar jari, ina matsowa ina komawa. Ranar Juma'a na yi kunnen doki da wani saurayi. Idan na ci wasan Asabar, na haye. Ba kuɗi, ba kofi, ba wanda zai ji labari a gida. Duk da haka daren Juma'ar ban yi barcin kirki ba.

Abokin karawata dattijo ne, ya haura saba'in, dogo, da manyan hannaye masu kaushi. Makinsa ya ɗara nawa da kusan sittin. Ya zo da filas ɗin kofi da biro biyu, ya jera su a gefen allo kamar mai shirin aikin ofis. Muka yi musabaha, ya yi mini fatan wasa mai kyau, ya danna agogona. Ni ke da farare, don haka ni na fara.

A daidai wannan lokaci, a bayan shingen can, Gukesh Dommaraju na Indiya yana zaune gaban Anish Giri na Holan. Wannan ne wasansa na farko tun da ya karɓe kambin duniya daga hannun Ding Liren na Sin a Singafo, ranar 12 ga Disambar 2024, yana da shekara 18. Jiya-jiya yake Delhi yana karɓar lambar yabo mafi girma ta wasanni a ƙasarsa, ya kwana a jirgi, ya sauka ya zo ya zauna. Makinsa 2777. Tsakanina da shi taku talatin ne na ƙafa, da maki kusan dubu.

Na tura dakaren gaban sarki gida biyu. Dattijo ya amsa da abin da ake kira tsaron Faransa, tsarin masu haƙuri: ka bar abokin gaba ya ci fili, ka ƙulle ƙofa, ka riƙa sassaƙar gindin katangarsa har ta faɗo. Na tura dakaren nan gaba zuwa e5, na kafa shinge a tsakiya. Amfanin wannan shi ne yana korar doki daga gidan da ya saba tsare sarki, sai ɓangaren sarkin baƙaƙe ya zama kamar gidan da maigadi ya yi tafiya. Shi kuma ya koma ɗaya ɓangaren yana aikinsa a natse. Muka yi musayar dakaru, layin c ya buɗe, ya ɗora sarauniyarsa a kai. Ba ya gaggawa. Kowane taku sai ya rubuta shi da kyakkyawan rubutu, ya kurɓi kofi, ya naɗe hannu.

Wajen taku na ashirin, bayan kusan awa biyu, na ga abin da kowane ɗan ces ke mafarki. Giwata tana d3, ta miƙe bakinta kan dakaren h7, wanda ke gefen sarkinsa. Dokina yana f3, sarauniyata a bayansa. Akwai wani tsohon tarko da ke cikin kowane littafin koyo: ka ba da giwa kyauta a h7, sarki ya ci, doki ya yi tsalle ya yi masa kashedi, sarki ya koma, sarauniya ta fito h5, sai kisa. Na lissafa sau biyu. Zuciyata ta fara bugawa har ina jin ta a kunne. Dattijo kuwa, bayan ya yi takunsa, ya tashi ya tafi can wajen shinge yana kallon manya, ya ba ni baya.

Na miƙa hannu na kama giwa. Na ɗaga ta daga gidanta. Tana tsakanin yatsuna, a sama, sai na ga abin da ban gani ba.

Giwar nan da sarauniyata su ne ke tsare gidan c2. Idan giwa ta tafi ta mutu, sarauniya kuma ta fita farauta, to sarauniyarsa za ta gangaro ta layin da ke buɗe ta sauka c2, daga nan kuma ta hango h7 ta kan hanyar nan ta karkace da giwata ta bari. Wato hanyar da na bi na kai hari ita ce za ta bi ta kawo ɗauki. Dara ta ci gida. Abin da ya kamata shi ne in fara kai hasumiya c1, ta kori sarauniyar daga layin, sannan in ba da giwa. Tunanin daidai ne, jerin ne ya karkace: na sa na biyu a gaban na farko.

A ces akwai doka wadda ba ta da kwana: abin da ka taɓa da niyya, shi za ka motsa. Ba irin darar gida ba ce da za ka ce "tsaya, ban saki ba", a yi gardama, a yi rantsuwa, a mayar. Na mayar da giwa gidanta, wanda doka ta yarda, muddin dai ita zan motsa a ƙarshe. Na sa hannuwana ƙarƙashin tebur. Na duba: dattijo yana can, bayansa nake gani. Alƙalin wasa yana wani layi mai nisa. Hasumiya tana nan, taku ɗaya, kuma da ita 1800 ta zo hannu.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, na yi tunanin. Ba tunanin daƙiƙa ɗaya ba. Agogona ya nuna na zauna minti goma sha ɗaya. Shaiɗan lauya ne mai ƙwarewa. Ya ce mini ai gyara ta kawai ka yi. Ya ce mini ai kai ka ga takun da kanka, ba wanda ya faɗa maka, haƙƙinka ne. Ya ce mini dokar an yi ta ne don kada a ruɗa abokin wasa, shi kuwa bai ma gani ba, wa aka cuta? Ina cikin wannan sai na ɗaga kai. A teburin da ke kusa da namu akwai wata yarinya, ba ta fi shekara goma ba, ƙafafunta ba sa ma taɓa ƙasa, tana jiran wani mai gemu ya yi takunsa. Idonta yana kan allona. Ba ta ce komai ba, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta dube ni, ta dubi giwar, ta koma kan nata wasan.

Na motsa giwa. Zan so in ce tsoron Allah ne da tarbiyyar gida kaɗai suka sa, kuma ina fata haka ne. Amma yarinyar tana wurin, kuma ba zan iya cire ta daga lissafin ba. Na sha juya abin a raina a jirgin komawa, har yau ban raba tsakanin biyun ba.

Kuskure na biyu kuwa nawa ne ni kaɗai. Tun da dole giwa ta motsa, ina iya janye ta baya gida ɗaya ko biyu, in yi asarar lokaci, wasa ya ci gaba. Amma haushi da girman kai suka ce tun da ka ɗaga, ka sara. Na ce wataƙila tsoho ba zai gani ba. Na cinye dakaren h7, na danna agogo da ƙarfin da ya wuce kima.

Ya dawo, ya zauna, ya gyara tabarau. Ya rubuta takuna tukuna kafin ya dubi allo da kyau. Ya yi minti shida, ya ci giwa. Doki ya yi kashedi, sarki ya koma, sarauniyata ta fito. Bai ko ƙara tunani ba, ya ɗauki tasa da yatsu biyu ya ajiye ta c2 a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni da nake da shekara arba'in da ɗoriya, ranar ni ne yaron. Sauran wasan ba abin ba da labari ba ne. Ya tilasta musayar sarauniya, ya rage kaya ɗaya bayan ɗaya, ya bar ni da dakaru shi da giwa. A taku na 41 na tsayar da agogo na miƙa masa hannu.

Can bayan shinge kuwa, Giri ya samu Gukesh a hannu, wasan ya kusa zama nasa, sai lokaci ya ƙure masa ya yi taku ɗaya da ba shi ba, zakaran duniya ya juya ya cinye. Na ga Giri ya tashi daga kujera, na kuma gane yanayin fuskarsa, domin irinta nake ɗauke da ita.

Al'adar wurin ita ce bayan wasa a tafi a sake duba shi tare. Dattijo ya ja ni zuwa wani gidan shan shayi a gefen filin ƙauye, cike da hayaniyar waɗanda suka yi awa huɗu ba su yi magana ba. Kowane tebur da allo, kowane allo da hannaye biyar a kai. Ya yi mana odar abincin da gasar ta shahara da shi, wani faten koren wake mai kauri wanda cokali ke iya tsayawa a ciki. Asalinsa daga 1946 ne: an dawo da gasar bayan yaƙi, abinci ya yi wuya, sai aka ciyar da baƙi da wannan faten talakawa a walimar rufewa, kuma har yau shi ake ci a walimar, da zakara da kurar baya. Na tambayi abin da ke ciki, aka ce da naman alade ake yin sa. Na ba shi haƙuri, ya ba ni haƙuri, aka kawo mini soyayyen kifi da shayi.

Muka jera 'ya'ya. Da muka iso wurin, na nuna masa takun hasumiya. Ya yi shiru, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya mayar. Sannan ya ce, "Da ka yi wannan, da na shiga uku. Me ya hana ka?" Na ce, "Baba, na riga na taɓa giwa." Ya ce, "To," ya gyaɗa kai, ya ci gaba da duba abin da zai faru in da na janye ta baya. Ke nan. Na zaci zai yaba, ko ya yi mamaki, ko ya ce ai bai gani ba. Ko alama. A wurinsa na faɗi dalili ne kawai, kamar in ce ruwan sama ya hana ni fita. Na ɗan ji haushin hakan, sannan na ji kunyar jin haushin.

Da hira ta yi daɗi ya gaya mini shekara talatin da wani abu ya yi yana aiki a masana'antar can, kuma tun yana saurayi bai cika tsallake gasar ba. Yana cikin zauren ranar 20 ga Janairun 1999, ranar da Garry Kasparov na Rasha ya kara da Veselin Topalov na Bulgeriya, wasan da da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyau da Kasparov ya taɓa bugawa. Bai buƙaci littafi ba. Ya share allonmu ya jera shi daga ka. A taku na 24 Kasparov ya ba da hasumiya kyauta a d4. Topalov yana iya ƙin karɓa, amma ya karɓa. A taku na gaba Kasparov ya sake miƙa ɗaya hasumiyar a e7, wadda ba ta ciwuwa. Daga nan aka fara korar sarkin baƙaƙe: daga a7 zuwa b6, zuwa a5, zuwa a4, yana tafe yana cin abin da aka jefa masa, ana tura shi gaba, har ya ratsa allon gaba ɗaya ya shiga cikin gidan farare. A taku na 36 Kasparov ya janye giwa baya zuwa f1, taku mai sanyi a tsakiyar gobara, a na 37 ya sake ba da hasumiya a d7. Da Topalov ya sallama a taku na 44, sarkinsa yana zaune a e1, wato ainihin gidan da sarkin Kasparov ya fara wasa. Dattijo ya ɗora yatsa a kan gidan ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce a ranar mutane sun bar nasu wasannin agogo yana ci, sun taru a bakin shinge.

Na lura bai haɗa wannan da nawa ba, kuma na gode masa. Kasparov ya ba da kaya ne bayan ya hango ƙarshen hanya. Ni na bayar ne don na ji kunyar komawa baya.

Da muka fito duhu ya yi, domin a wannan wata rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Ya ce in zo in ga teku kafin bas. Muka hau tudun yashi. Ta dama ruwa ne baƙi ƙirin yana ruri, da rairayi mai faɗin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta hagu kuwa masana'anta ce, fitilu dubbai, da wani jan haske da ke tashi sama lokaci-lokaci. A lokacin kusan mutum 9,000 ke aiki a ciki. Ita ce kuma abin da ya raba kan mutanen yankin. A watan Satumbar 2023 hukumar binciken lafiyar jama'a da muhalli ta ƙasar, RIVM, ta fitar da rahoto cewa ƙura da hayaƙin da ke fitowa daga wurin suna rage wa mazauna Wijk aan Zee kimanin wata biyu da rabi na tsawon rai, a matsakaicin lissafi. Akwai masu neman a rufe sassan da suka fi ƙazanta, akwai masu tsoron ranar da za a rufe. Wanda ya san Kaduna kafin masaƙu su mutu da bayan sun mutu ya san tsoron nan na biyu ba na wasa ba ne. Wanda kuma ya ga baƙar ƙurar da ta riƙa sauka a Fatakwal ya san na farkon ma haka. Abin da ya burge ni shi ne hukumar gwamnati ce ta auna, ta buga adadin, aka bar shi a fili kowa ya karanta, gasar da kamfanin ke ɗaukar nauyi kuma tana gudana a tsakiyar masu wannan muhawara. Na tambayi dattijo ra'ayinsa. Ya ce da albashin wurin ya yi wa 'ya'yansa karatu, jikokinsa kuma a nan suke shaƙar iska. Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Wasan Lahadi na ci shi, amma bai rufe ramin ba.

Na sake komawa ranar 2 ga Fabrairu, ranar ƙarshe, a matsayin ɗan kallo. Gukesh da ɗan garinsu na Chennai, Praggnanandhaa, mai shekara 19, su ke kan gaba da maki ɗaya. Abin mamaki, duka biyun suka faɗi. Arjun Erigaisi, wanda gasar ta yi wa muni tun farko, ya doke Gukesh, faɗuwarsa ta farko tun da ya zama zakaran duniya. Kunnen doki kawai Praggnanandhaa yake buƙata, amma Vincent Keymer na Jamus, wanda yana cikin masu taya Gukesh shiri a Singafo, ya riƙe shi fiye da awa shida har ya karya shi. Kowannensu ya tsaya a 8½ cikin 13, aka koma wasan walƙiya na 'yan mintuna. Gukesh ya ci na farko, Praggnanandhaa ya rama, a na uku kuma, wasan da kowa ya ɗauka canjaras ne, hannun Gukesh ya riga tunaninsa cikin daƙiƙun ƙarshe, ya zubar da doki. Ya jingina da kujera ya ɗaga kai sama. Praggnanandhaa ya zama ɗan Indiya na farko da ya ci gasar tun bayan Anand a 2006.

A cikin turmutsitsin fita na hango dattijon, da filas ɗinsa a hammata. Ya gane ni, ya ɗaga hannu, ya matso. Ya ce ya sake duba wasanmu a gida, kuma ko bayan takun hasumiya akwai wata 'yar hanya da zai iya bi, sai dai ba ya jin da zai gan ta a kan allo. Ya ce in yi rajista da wuri baɗi, domin gurabe suna saurin cika, wataƙila a sake haɗa mu, wannan karon shi da farare. Na ce masa karatuna zai ƙare a watan Oktoba, zan koma gida. Ya ce to, a gida akwai masu wasa? Na ce akwai, a Zariya da Kano da Abuja, sai dai ba mu da zaure irin wannan. Bas ya iso, ya tsaya yana neman katinsa a aljihu, na riƙe masa filas ɗin har ya samu.